Nazarin sinadaran saman ƙarfe mara tsatsa

Nazarin sinadaran saman ƙarfe mara tsatsa fanni ne na kimiyya da ke bincikar abubuwan da ke manne wa fuskar wannan ƙarfe, musamman furotin, maiƙo da enzayim (nau'in furotin da ke hanzarta haɗuwa ko rugujewar sinadarai). Kaurin shimfiɗar da ake dubawa bai wuce 'yan nanomita ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), amma ita ce ke haɗuwa da ruwa, abinci ko jini, don haka ita ke nuna ko ƙarfen zai yi ƙarko.

Fuskar ƙarfen

Ƙarfe yana shiga wannan rukuni idan kuromiyam ɗin cikinsa ya kai kashi 10.5 cikin ɗari. Galibi ana danganta gano shi ga Harry Brearley na birnin Sheffield a Ingila, a 1913, ko da yake an yi irin wannan aiki a Jamus a kusan lokaci guda. Kuromiyam kan haɗu da iskar oksijin ya yi wata siririyar fata mai kaurin nanomita 1 zuwa 3, wadda ke sake rufewa idan an karce ta. Da zarar ƙarfen ya shiga ruwan teku ko madara, furotin da danginsa sukan lulluɓe fatar cikin mintuna, sannan bakteriya su biyo baya su kafa sansani.

Tarihin hanyar awo

Babbar hanyar nazarin ita ce XPS, wato haska wa fuskar hasken eksire a auna ƙarfin ilektiron (ƙananan ƙwayoyin lantarki) da suka fito domin gane sinadaran da ke wurin, kuma asalinta daɗaɗɗe ne. A 1887 Heinrich Hertz ya lura cewa haske yana tasiri a kan tartsatsin lantarki, a 1905 kuma Albert Einstein ya bayyana yadda haske ke fitar da ilektiron daga ƙarfe, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel ta 1921. An daɗe ba a samu na'urar da za ta auna ƙarfin waɗannan ilektiron da kyau ba, sai a shekarun 1950, lokacin da Kai Siegbahn da abokan aikinsa a Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka ƙera ta. Su suka nuna cewa ƙarfin yana ɗan gusawa gwargwadon abin da sinadari ya haɗu da shi, kuma wannan gusawa ce ta ba hanyar darajarta. Siegbahn ya samu lambar Nobel a 1981. Wajen ƙarshen shekarun 1960 aka fara sayar da na'urorin.

Yadda ake karanta sakamako

Ana sa samfurin a akwatin da aka zuƙe iskarsa, a haska masa hasken eksire, yawanci daga alminiyam, a auna ilektiron ɗin da suka fito daga zurfin kimanin nanomita 10. Hanyar tana gano dukkan sinadarai ban da haidurojin da hiliyam. Alamar furotin ita ce naitirojin a wajen 400 eV (eV ma'aunin ƙarfin ilektiron ne) tare da kabon a wajen 288 eV, yayin da kabon na maiƙo ke bayyana a 284.8 eV. Raguwar alamar kuromiyam da ke ƙasa tana taimakawa wajen ƙiyasta kaurin shimfiɗar.

Babbar matsala ita ce dattin kabon da ke sauka daga iska a kan kowane ƙarfe, komai wankinsa, wanda kan rikita lissafi. Haka kuma XPS ba ta nuna ko enzayim ɗin yana aiki, sai an yi wani gwaji dabam. Akan haɗa ta da wata hanyar awo mai suna ToF-SIMS, wadda ke duba nanomita 1 zuwa 2 na sama.

Enzayim

A ruwan teku, ƙarfin lantarkin fuskar ƙarfen yakan hau da ɗaruruwan milibolt (milibolt kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt) cikin kwanaki ko makonni, abin da ke ƙara haɗarin ya ɓule. Wasu masana sun ɗora alhakin a kan enzayim masu samar da haidurojin feroksaid, shi ya sa ake gwaji da gulukos oksides, wani enzayim da ke samar da wannan sinadari. Wasu kuma sun fi karkata ga tsatsar manganis da bakteriya ke tarawa. Batun bai kammalu ba.

Akan kuma ɗaure enzayim a kan ƙarfen da gangan, kamar laisozayim, wanda masanin kimiyya Alexander Fleming ya bayyana a 1922, domin ya farfasa bangon bakteriya. A nan ana auna fuskar bayan kowane mataki don tabbatar da cewa abin ya kama.