Shafin Facebook ba shagonka ba ne

A Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi, in ka ce wa ɗan kasuwa ya buɗe shafin intanet na kansa, amsar kusan ɗaya ce: "Ai wannan sai banki da manyan kamfanoni, ni ina da Facebook." Wannan fahimtar ta daɗe, kuma tana damuna, domin kuskure ce.

Zama a Facebook zaman haya ne, mai gidan kuwa ba ya sallama kafin ya rufe ƙofa. Mun gani ranar 4 ga Oktoba 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida. A watan Yunin shekarar ma gwamnati ta dakatar da Twitter a Nijeriya, ba a sake shi ba sai Janairun 2022. Wanda duk cinikinsa ke can, sai zaman jugum. Ko lafiya lau ake, kamfanin ne ke zaɓar wanda zai ga hoton atamfarka, ba duk mabiyanka ne ke ganinsa ba.

Shafin kanka kuwa adireshi ne da ka yi wa rajista, misali mai ƙarewa da .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi. Kana sabunta rajistar duk shekara, kana biyan masu ajiye maka shafin. In suka ɓata maka rai, ka kwashe kayanka zuwa wani wurin, adireshin yana hannunka.

Ba sai babban kamfani ba. Tela ɗaya a Fagge zai iya haɗa nasa da manhajar WordPress, wadda kyauta ce, ya sa hotunan ɗinkinsa da lambar wayarsa.