Motsin Ruwa a Tankin Kifi: Jan Hankali ga Masu Kiwo a Karkara

Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma, musamman matasan da suka rungumi kiwon kifi a tankin siminti da na tamfol a yankin Kura, Bunkure da Garun Malam. Bazara ta kama, kuma duk shekara a irin wannan lokaci ake tashina da waya kafin gari ya waye: "Malam, kifina sun taso sama suna haki, wasu har sun juya ciki." In na je sai in tarar da iri mai kyau, abinci mai tsada, ruwa kuma ba laifi a ido. Abin da ya rasa shi ne motsi. Raina yana ɓaci ƙwarai in ga jarin yaro ya salwanta a dare ɗaya kan abin da bokiti zai iya magancewa.

Kwanan baya wani saurayi cikin waɗanda nake zagayawa ya nuna min bidiyo a wayarsa. Akwatin gilashi ne a falon wani gida a ƙasar waje, a ciki wani abu kamar fure yana ta rausaya, ga ɗan kifi mai ruwan lemo da farin zane yana shiga yana fita. Ya ce, "Malam, wannan wane irin tsiro ne?" Na ce masa dabba ce, furen teku, masana suna kiranta animoni, dangin murjani. Gidanta ruwan gishiri, irin Bahar Maliya da ke gefen Jidda inda alhazanmu ke sauka. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, saboda haka ba za ta rayu a ruwan Tiga ko na rijiyar burtsatse ba, kada ma wani ya yi sha'awar gwadawa. Sai dai yadda masu ita ke kula da ruwanta ya shafe mu kai tsaye.

Wannan dabba manne take da dutse. Ba ta da huhu, ta fatar jiki take shan iska, kuma da bakin da take ci da shi take fitar da ƙazanta. Ruwa ne ke kawo mata abinci da iska, shi ne kuma ke share mata jiki. In ruwan ya kwanta, datti ya taru a kanta ta fara lalacewa. Shi ya sa masu kiwonta ke sa ƙananan famfuna da ke juya ruwan akwatin sau 10 zuwa 20 a awa ɗaya, wasu ma fiye. Amma ba sa saita bakin famfo a kanta. Gilashi ko dutse suke saita wa, ruwan ya karye ya zo mata a hankali daga nan da can. In ya yi mata ƙarfi sai ta takure, ta saki dutsen ta shiga yawo, famfo ya tsotse ta ya daddatsa, ruwa ya gurɓace, kifayen da ke tare da ita su mutu. Don haka har raga ko soso suke rufa wa bakin famfon.

To, tankinka ma haka yake. Kifi da iskar oksijin da ta narke a ruwa yake numfashi, kuma ruwan zafi ba ya riƙe ta sosai. A ma'aunin zafi 20, lita ɗaya tana iya riƙe kusan miligiram 9, a ma'auni 30 kuwa ta sauko kusan 7.5, alhali a zafin ne jikin kifi ya fi buƙatarta. Ana so kada ta gaza miligiram 5. Sannan koren nan da ke cikin ruwa, da rana yana ba da iska, da dare kuma shi ma sha yake yi tare da kifin. Kafin a kira assalatu iskar ta yi ƙasa. Ga dalilin da ya sa mutuwar take zuwa da asuba.

Na san abin da wasu za su ce: "Ai tarwaɗa ko a laka rayuwa take." Gaskiya ne, Allah ya yi mata wata gaɓa a kai da take shaƙar iskar sarari da ita. Amma rayuwa daban, girma daban. Tarwaɗar da ta wuni tana hawa da sauka neman numfashi ba ta cin abinci yadda ya kamata, kashinta da ragowar abinci suna rikiɗa su zama amoniya mai ƙona mata abin numfashi, sai ka yi wata shida kana ciyarwa ka ɗora a sikeli ka ga ba nauyi. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe kuwa ba su da wannan gaɓa a makonninsu na farko. Karfasa ba ta da ita sam.

Ruwan burtsatse daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa da ƙarancin iska. Kada ka nutsa tiyo cikin tanki. Ɗaga shi sama, ko ka huhhuda bututu ka gitta shi, ruwan ya riƙa zuba kamar yayyafi yana kwasar iska. Mafitar ruwa ta kasance a ƙasa, a ɓangaren da ke nesa da mashiga, domin dattin a gindi yake kwanciya, kuma a ɗaura mata raga. Kana son sanin lungun da ruwa ba ya kaiwa? Watsa ɗan dusa ka tsaya ka ga inda za ta taru ta tsaya cik.

Ga masu ƙyanƙyasa, a nan aka fi yin kuskure. Mutum ya ji an ce motsi, sai ya buɗe famfo gaba ɗaya a kan 'ya'yan da ba su kai tsinken ashana ba. Siririn ruwa kamar na bakin buta ya ishe su, muddin ba ya yankewa. In ka ga an tattara su a kusurwa ɗaya, ko suna ta fama da ruwa ba hutu, rage.

Wajen canjin ruwa, rage kashi ɗaya cikin uku ko rabi ka cika, kada ka zazzage duka lokaci guda, don sauyin zafi da sanyi farat ɗaya yana girgiza kifi. Ruwan famfon gwamnati mai sinadarin kulorin a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen duro tukuna. A yi wa tanki rumfar zana. Mai hali ya nemi injin hura iska mai aiki da sola. Wanda ba shi da hali, ya leƙa tankinsa kafin sallar asuba, in ya ga suna haki ya ɗebi ruwan da bokiti ya riƙa kwararo shi daga sama, ya ƙara sabo, kuma kada ya ba su abinci sai sun dawo hayyacinsu.

Ruwan da ka fitar kuma, don Allah kada a sake shi a lungu ya kwanta a ƙofar maƙwabta, sauro ya samu wurin ƙwai, yara su kwanta da zazzaɓi. Taki ne a cikinsa. Ja masa 'yar hanya zuwa lambu, alayyafo da kuɓewa su sha.