Yaron da ya yi shiru a makaranta, wa ke lura da shi?

Assalamu alaikum iyaye da malamai na Sakkwato. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko, kuma cikin aikinmu har da zagayen makarantun sakandare, na kwana da na jeka-ka-dawo, wani lokaci rigakafi ke kai mu, wani lokaci kuma kiranmu ake yi in yaro ya faɗi. Wata yarinya ce ta sa na zauna rubuta wanga saƙo, ba zan faɗi makarantar ba don ba tonon asiri na zo yi ba.

'Yar aji ɗaya ce a babbar sakandare, sau uku tana faɗuwa wurin asambuli cikin zango guda. Wasu sunka ce iska ne, wasu sunka ce ƙarya take yi don gudun shara, har an taɓa ba ta gwale-gwale a kan haka. Da anka kawo min ita na buɗe tafin hannunta na ga fari fat, na ja fatar idonta ƙasa haka nan, ba jini. Sai na ce kowa ya ba mu wuri. Na ce ɗiyata mi kika ci yau? Ta yi shiru. Sai da na zauna kusa da ita na yi ta lallashi sannan ta ce ba ta karyawa, kuɗin tara da ake ba ta wata siniya ke karɓewa kullum, ga al'adarta tana kai kwana tara ko goma kuma da tsumma take ƙunzugu, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba har innarta, don kunya. Munka tura ta gwajin jini, anka sa ta kan maganin ƙarin jini, anka duba matsalar al'adar. Wallahi abun da ya tsaya min a rai, wata uku ana kallon yarinyar nan tana zubewa ƙasa gaban ɗaruruwan mutane amma ba babba ko ɗaya da ya ja ta gefe ya tambaye ta su biyu.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, ni ba na hana addu'a, ni ma da ita na dogara. A yi tofi, a yi ruƙya, amma a haɗa da awo. Mai farfaɗiya ma haka, ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke da magani kuma ba a ɗaukarsa ta yawu ko taɓawa, in ya faɗi a kwantar da shi ta gefe, a janye benci da duk abun da zai ji masa ciwo, kada a tura masa cokali a baki, in jijjigar ta wuce minti 5 a nufi asibiti.

To abun da nake roƙo ba ya cin kuɗi. Kowane ɗalibi ya kasance akwai babba guda a makaranta da ya san sunansa, ya san gidan da ya fito, wanda in yaron ya canza zai gane. Aikin fom masta ke nan tun asali, da hawus masta da metiron a makarantar kwana, ya wuce kiran rajista da cika rifot. Na san halin da malamai ke ciki, aji mai yara saba'in ko tamanin, albashi ba ya kai ƙarshen wata, wani daga makaranta kabu-kabu zai wuce. Duk da haka malam, in ka ɗauki yara biyar kacal a sati ka yi magana da kowane na minti biyar a gindin dogonyaro, kafin zango ya ƙare ka zagaye mafi yawan ajin. Makarantu da yawa suna da ofishin malamin ba da shawara, allo na nan a ƙofa, amma an ɗora masa darasi har wuya ko ɗakin ya koma sito. Firinsifal ranka ya daɗe, a rage masa darasi, a buɗe ɗakin.

Yaro mai surutu da rashin ji kowa ya san shi. Wanda ke ba ni tsoro shi ne wanda da yana wasa yanzu ya daina, makinsa ya faɗi lokaci guda, ya bar zuwa ɗakin cin abinci, ya rame, yana barci a aji ko kuka ba dalili, ko kullum ciwon kai da ciwon ciki amma awo bai nuna komi ba. Yaranmu ba su iya cewa ina cikin damuwa ba, ba mu koya masu ba, sai dai jiki ya faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, guda na fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa. Ku lissafa da ajinku ku gani. Kuma wanga ba hauka ba ne, don Allah mu daina jifan yaro da kalmar nan, ita ke sa su rufe baki.

Mu a jihar ga muna da wani nauyi na daban. Akwai yara cikin makarantunmu da sunka taso daga wajen Isa, Sabon Birni, Rabah, Goronyo, waɗanda sunka gudu cikin dare, wasu an kashe uba gabansu, wasu har yanzu akwai nasu a daji. Na ga wani yaro da ake duka kusan kullum saboda barci a aji, ashe da dare ba ya rintsawa, ko ƙarar babur ya ji sai ya miƙe zumbur. Bulala mi za ta gyara a nan? Irin wanga yaro yana buƙatar a zaunar da shi kusa da malam, a rage yi masa tsawa, kada a tilasta masa ba da labarin abun da ya gani gaban aji, in ya so faɗa a saurare shi har ya gama. In abun ya wuce wata guda yana firgita ko mafarkin tsoro, a kai shi ga likita. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, akwai kuma likitocin wanga fanni a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma zuwa Kware ba abun kunya ba ne, tun Janairun 2023 ma anka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da ta kare mutuncin masu irin wagga lalura.

Akwai magana mai nauyi da dole in faɗa. In ɗalibi ya ce gara in mutu, ko na gaji da duniya, ko ya fara rabar da kayansa, kada a ce neman suna ne, kada kuma a fara da faɗa da tsoratarwa. A tambaye shi kai tsaye cikin taushi ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar ba ta sa masa tunanin, sauƙi ma take kawowa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da magunguna daga inda hannunsa zai kai, a kira iyaye, a kai shi asibiti ranar, ba sai gobe ba.

Sai batun siniyoyi. Mu da munka yi makarantar kwana muna da wata magana, wai mu ma haka anka yi mana kuma ga mu mun zama mutane. A'a. Ɗibar ruwa da wankin siniya har tsakar dare, ƙwace gari da ƙuli-ƙuli da sukari, duka da belt, wanga zalunci ne, kuma firifet ba malami ba ne da za a sakar masa hostel daga magariba har asuba. A cikin duhun nan ne ake fara koya wa ƙanana shaye-shaye, an hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018 amma tiramol da sauran ƙwayoyi ba su ɓace ba, kuma a cikinsa ne ake lalata da wasu. Hawus masta ya riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba. In yaro ya kawo ƙarar an taɓa shi, ko da malami ne, a yarda da shi tukuna a bincika, a kai shi asibiti cikin kwana 3 don akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ba ya aiki bayan awa 72. Rufa-rufa don sunan makaranta shi ke bai wa mai laifi damar komawa kan wani yaro.

Kuma sirri. Yarinya ta faɗa wa malama matsalarta da safe, kafin tashi ta ji ta a bakin 'yan aji daga ofishin malamai, to an gama, ba ita ba har ƙawayenta ba za su ƙara zuwa ba. Abun da ba a ɓoyewa shi ne wanda ya shafi rai ko cin zarafi, shi ma a faɗa wa yaron cewa za a sanar da wane, kada ya ji daga sama.

Zafin Sakkwato kun san shi, Maris zuwa Mayu yana wuce digiri 40, kuma lokacin sanƙarau ne, ba mu manta da annobar 2017 ba. Ɗakin kwana cunkushe da tagogi a rufe shi ne abun da cutar ke so. Zazzaɓi farat ɗaya da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya ko amai, ba a ba da farasitamol a ce ya kwanta, asibiti ake zuwa nan take. Masu sikila a san su da suna, a bar su da gorar ruwa a aji, a cire su daga horon tsallen kwaɗo da tsayuwa cikin rana.

Iyaye, ku ma da naku. Ranar bizitin kada ta ƙare a miƙa kular abinci da tambayar na nawa ka zo. Baba ka ja ɗanka gefe ka tambaye shi wa ke kwana kusa da shi, wane siniya yake tsoro, wane malami zai iya tunkara in abu ya same shi. Inna ki tambayi ɗiyarki al'adarta, ki sa mata audugar mata cikin akwati kamar yadda kike sa sabulu. In yaro ya ce ba ya son komawa bayan hutu yana kuka, kada a tura shi mota da zagi, a fara jin dalili. Ku karɓi lambar fom masta, ku halarci taron iyaye da malamai ku tambaya ko akwai nas ko akwatin magani, da kuma asibitin da ake kai yara in dare ya yi.

Duk makarantar da ke son a zo a yi wa malamai da firifet bayani, ta je asibitin matakin farko mafi kusa da ita ta nemi mai kula da wurin a sa rana. Ni dai in na zo, ina roƙon a ba ni awa guda da 'yan mata su kaɗai, ba namiji a ɗakin.