Gary Ablett ƙarami

Gary Ablett ƙarami (an haife shi ranar 14 ga Mayu, 1984) tsohon ɗan wasan tsakiya ne a ƙwallon ƙafa irin ta Ostireliya. Ya buga wa ƙungiyoyin Geelong da Gold Coast a gasar AFL, babbar gasar wannan wasa a Ostireliya, daga 2002 zuwa 2020, wasanni 357 ke nan, ya kuma ci ƙwallo 445. Ya ɗauki kofin gasar sau biyu, ya karɓi lambar Brownlow, wadda ake bai wa gwarzon ɗan wasan gasar na kowace kaka, sau biyu. Masu sharhi da dama na sanya shi cikin fitattun 'yan wasan tsakiya da aka taɓa yi.

Wasan da matsayinsa a fili

Wannan ƙwallon ba irin wadda aka saba gani ba ce. Fili da ƙwallon duk masu siffar ƙwai ne, kowane ɓangare na da mutum 18 a fili, ana bugawa da ƙafa ko a naushe ta da dunƙulen hannu zuwa ga abokin wasa. Idan aka buga ta da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen sanduna biyu na tsakiya, maki shida ne. Idan kuwa ta wuce ta gefe, tsakanin doguwar sanda da gajeriyar da ke kusa da ita, maki ɗaya ne. Aikin ɗan wasan tsakiya shi ne ya kutsa cikin turmutsitsi ya ƙwato ƙwallo ya fitar da ita gaba. A nan Ablett ya yi fice: ba dogo ba ne, amma ƙugunsa na da ƙarfi, kuma da wuya a kayar da shi ko an riƙe shi.

Asali

Ya tashi a Modewarre, ƙauye kusa da birnin Geelong a jihar Victoria. Mahaifinsa, Gary Ablett babba, ya ci ƙwallo sama da 1,000 a rayuwarsa ta wasa, har da tara a wasan ƙarshe na 1989, amma bai taɓa ɗaukar kofi ba. Wannan sunan ya zame wa ɗan gado da kaya a lokaci guda. Geelong ta ɗauke shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2001, a lamba ta 40, bisa dokar da ke bai wa ƙungiya fifiko kan 'ya'yan tsofaffin 'yan wasanta.

Geelong, 2002 zuwa 2010

Shekarunsa biyar na farko ya yi su ne galibi a gaba, yana tsintar ƙwallo a gindin manyan 'yan wasa. An san yana da baiwa, amma ba a ga ƙarshenta ba. Bayan kakar 2006 ta lalace wa Geelong, 'yan wasan sun yi zaman faɗa wa juna gaskiya, inda aka ruwaito cewa abokan wasansa sun gaya masa ƙiri-ƙiri ba ya atisaye yadda ya kamata. Ana yawan danganta sauyin da ya biyo baya da wannan zaman. Koci Mark Thompson ya maida shi tsakiya gaba ɗaya.

A 2007 Geelong ta lallasa Port Adelaide da ratar maki 119 a wasan ƙarshe, rata mafi girma a tarihin wasannin ƙarshe, ta ɗauki kofinta na farko tun 1963. Ƙanensa Nathan yana cikin tawagar ranar, ke nan 'ya'ya biyu suka kai inda uban bai kai ba. A 2008 ƙungiyar ta sha kaye sau ɗaya tak kafin wasannin ƙarshen kaka, sai Hawthorn ta doke ta a ranar kofi, duk da cewa Ablett yana cikin waɗanda suka fi kowa taka rawa. Shekarar 2009 ita ce ƙololuwa: ya karɓi Brownlow da ƙuri'a 30, sannan Geelong ta doke St Kilda da maki 12. Ana kunnen doki daf da tashi, Matthew Scarlett ya zunguro ƙwallo da kan yatsan ƙafa, ta faɗa hannun Ablett, ya buga ta can gaba, daga nan Paul Chapman ya ci ƙwallon da ta raba gardama.

Brownlow, ga wanda bai sani ba, alƙalan wasa ne ke ba da ƙuri'unta bayan kowane wasa: uku ga wanda ya fi, biyu, sai ɗaya.

Gold Coast, 2011 zuwa 2017

A watan Satumba na 2010 ya koma Gold Coast, sabuwar ƙungiyar da aka kafa a jihar Queensland, yankin da wasan rugbi ya fi karɓuwa. Kwantiragin na shekara biyar ne, kuma an ruwaito kuɗin ya kai kimanin dalar Ostireliya miliyan 9. Shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar na farko. Yawancin abokan wasansa samari ne sababbin shiga, kuma a 2011 wasa uku kawai suka ci, suka ƙare a ƙasan tebur.

Wasu na ganin a nan ne ya nuna ainihin gwanintarsa, tunda babu manyan taurari a gefensa. A 2012 ya raba ƙwallo sau 53 a wasa ɗaya da Collingwood, ya kamo tarihin da Greg Williams ya kafa. A 2013 ya karɓi Brownlow ta biyu da ƙuri'a 28, ya fi tsohon abokin wasansa Joel Selwood da ƙuri'a ɗaya. A tsakiyar 2014, ƙungiyar na kan hanyar shiga wasannin ƙarshen kaka a karon farko, sai kafaɗarsa ta goce a wasa da Collingwood. Wasa ɗaya kacal suka ƙara ci bayan haka. Rauni ya yi ta bibiyarsa, ya kuma ajiye kyaftin bayan kakar 2016.

Komawa gida

Ya nemi a maida shi Geelong saboda dalilan iyali, aka amince a watan Oktoba na 2017, jim kaɗan bayan rasuwar 'yar'uwarsa. Ya sa riga mai lamba 4, a maimakon 29 da ya sa a zamansa na farko. Sannu a hankali aka sake maida shi gaba. A 2019 'yan kallo sun yi masa ihu a wasu filaye saboda ya danna alamar so a wani rubutun addini mai cike da cece-kuce da ɗan wasan rugbi Israel Folau ya wallafa a Instagram. Ablett ya cire alamar son da ya danna.

A 2020, shekarar annobar korona, ya bar sansanin ƙungiyar na wani lokaci domin jinyar ɗansa. Wasansa na ƙarshe shi ne wasan kofi a filin Gabba da ke Brisbane. Ya ji ciwo a kafaɗa tun a mintunan farko, ya daure ya ci gaba, Richmond ta yi nasara da maki 31. 'Yan wasan ƙungiyoyin biyu sun jeru sahu biyu suka raka shi fita daga fili.

Lambobin yabo

An zaɓe shi cikin tawagar gwarazan ƙasa shekara takwas a jere, 2007 zuwa 2014. 'Yan'uwansa 'yan wasa sun zaɓe shi gwarzon shekara sau biyar: 2007, 2008, 2009, 2012 da 2013. Ya zama gwarzon Geelong sau biyu, na Gold Coast sau huɗu.