Auna niyyar masu bincike na jami'a kan kafa kasuwanci

Auna niyyar masu bincike na jami'a kan kafa kasuwanci wani reshe ne na nazarin harkar kasuwanci. Aikinsa shi ne gano ko malami, ko ɗalibin digirin digirgir, ko ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, ya ƙudura a ransa zai kafa kamfani da abin da bincikensa ya gano. Ana bin niyya ne saboda kafa kamfani ba ya zuwa kwatsam. Mutum yakan shafe shekaru yana saƙawa da kwancewa kafin ya je rajista, kuma wanda ya ƙirga kamfanonin da aka kafa kawai ba zai san adadin waɗanda suka so amma suka fasa ba, balle dalilinsu.

Hankali ya ƙara karkata ga batun bayan dokar Bayh-Dole ta 1980 a Amurka, wadda ta ba jami'o'i damar mallakar ƙirƙirar da aka yi da kuɗin gwamnatin tarayya. Daga nan jami'o'i da yawa suka buɗe ofisoshin kai fasaha kasuwa.

Yawancin ma'aunan sun dogara da ra'in masanin halayyar ɗan Adam Icek Ajzen na 1991, wanda ya ce abu uku ke haifar da niyya: yadda mutum yake kallon aikin, abin da yake zaton mutanen da yake ganin girmansu za su ce, da kuma ko yana jin zai iya. Kafin shi, a 1982, Shapero da Sokol sun yi bayani mai kama da wannan, sai dai sun ƙara da cewa sau da yawa sai wani abu ya girgiza rayuwar mutum, kamar ƙarewar kwantiragi, kafin ya motsa.

Da takardar tambayoyi ake aunawa. Ana rubuta jimloli, mai amsa ya nuna iya amincewarsa da kowace, galibi daga 1 (bai amince ba sam) zuwa 7 (ya amince gaba ɗaya), bisa tsarin da Rensis Likert ya fito da shi a 1932. Ba a dogara da tambaya ɗaya. Ana jero da dama kan abu guda, sannan a duba da lissafi ko amsoshin sun tafi tare. Takardar da ta fi shahara ita ce ta Liñán da Chen ta 2009, wadda aka gwada kan ɗalibai a Sifaniya da Taiwan.

A nan matsalar take, domin mai bincike ba kamar waɗancan ɗaliban ba ne. Yana da albashi, kuma ƙarin girmansa ya rataya ne a kan wallafa. A ɗauki masaniyar sinadarai da ta gano sabon abu: in ta wallafa shi yau, tana iya rasa damar yi masa rajistar mallaka a ƙasashe da yawa, in ta ɓoye, wata ƙungiyar masu bincike na iya riga ta. Ga abokan aiki a sashe, waɗanda wasunsu ke ganin neman riba ya saɓa wa aikin ilimi. Tambayar da ba ta taɓo waɗannan ba, ba ta auna abin da ke ran masaniyar ba. Shi ya sa Prodan da Drnovšek suka tsara ma'auni na musamman a 2010, da bayanai daga jami'o'in Cambridge a Birtaniya da Ljubljana a Slovenia. Sun ga cewa yarda da kai, da irin binciken, da mallakar ƙirƙira, da samun wanda ake koyi da shi duk suna da alaƙa da niyya, yayin da daɗewa a jami'a ke raunana ta.

Babban raunin fagen shi ne faɗa ba cikawa ba ce. Mutum na iya zaɓar 7 da zuciya ɗaya, shekara biyar ta wuce bai yi komai ba. Waɗanda dama suke da sha'awa su suka fi cike takardar, wasu kuma sukan ba da amsar da suke zaton hukumar jami'a na so. Kalmar kasuwanci kanta tana rikitarwa: wani kamfani yake nufi, wani aikin ba da shawara, wani sayar da lasisin amfani da ƙirƙirarsa. Nazarin da ya fi ƙarfi shi ne wanda ya fayyace irin kasuwancin da wa'adinsa, sannan ya koma wa mutanen nan bayan shekara ɗaya ko biyu ya ga wa ya nemi jari, wa ya yi rajista, wa ya bar maganar.