Waiwaye: Kulorokwin da Tabon da Yake Bari a Bayan Ido

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Kano ko Jigawa kafin 2005 ya san kulorokwin da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wa wasu. A Jamus aka haɗa shi a 1934, a kamfanin Bayer, bayan yaƙin duniya na biyu ya zama gatan masu zazzaɓin cizon sauro. Da likitoci suka ga yana kwantar da amosanin gaɓɓai da cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin kansa, sai suka fara ɗora marasa lafiya a kansa kullum, shekara da shekaru. Nan aka gano illarsa. A 1959 wani likita mai suna Hobbs da abokan aikinsa a Ingila suka bayyana lalacewar tantanin bayan ido a masu shan sa.

Ba shan kwana uku na masassara ke jawo wannan ba, taruwa ce. Maganin yana maƙalewa a baƙin launin da ke shimfiɗe ƙarƙashin tantanin, ya daɗe bai fita ba, yana cin ƙwayoyin gani da ke kewaye da cibiyar gani. Idan likita ya ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido ya haska ciki, zai ga tsakiya da launinta, zobe mai kodewa ya zagaye ta, sannan wani zobe mai duhu, kamar saƙar faifai. Kusan kullum ido biyu ne. Amma ranar da zoben ya fito fili, aikin gama ya gama: abin da ya mutu ba ya dawowa, kuma ɓarnar kan ci gaba ko an daina shan maganin.

Kafin nan alamun ba su da hayaniya. Mai karatun allo ya ga harafin da ya zuba wa ido amma na gefensa ya ɓace. Tela ya kasa zura zare. Launuka su dusashe. A ƙauye sai a ce tsufa ne ko yanar ido, alhali yanar a gaba take, ana cire ta da aiki, wannan kuwa can ciki yake. Akwai kuma wani zane mai kama da guguwa da maganin ke yi a gilashin gaban ido, shi wannan yana gushewa in an daina.

Nijeriya ta sauke kulorokwin daga maganin farko na zazzaɓi a 2005 saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, aka koma ACT, wato haɗin magunguna mai ɗauke da atemisinin. Sai dai bai bar kemis da tiren masu tallan magani a kasuwannin mako ba, kuma zamanin korona a 2020 ya sake farfaɗo da kasuwarsa. Ƙaninsa haidiroksikulorokwin, wanda ya fito a 1955, shi ake rubuta wa masu lufus da amosani yanzu. Ya fi sauƙin illa, ba wai ba shi da ita ba.

Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta fitar a 2016 ita ce kada haidiroksikulorokwin ya wuce miligiram 5 a kowane kilo na nauyin jiki a rana, kulorokwin kuwa 2.3. Mace mai kilo 50 da ke shan haidiroksikulorokwin iyakarta miligiram 250 a rana, to idan tana haɗiyar ƙwaya biyu masu 200 ta kai 8 a kowane kilo. Nan ake yawan kuskure, domin ba kowa ke ɗora mara lafiya a sikeli ba. A kan ƙa'ida haɗarin bai kai kashi 1 cikin 100 ba a shekara biyar na farko, amma bayan shekara 20 yana kusan kashi 20. Ciwon ƙoda da shan tamoksifen, maganin sankarar mama, suna ƙara shi.

A duba ido cikin shekarar farko ta fara shan maganin kullum, sannan duk shekara bayan ta biyar, ko tun kafin nan ga mai ciwon ƙoda. Karanta haruffan jikin bango bai isa ba, don mutum zai iya karanta su sarai ɓarna na tafiya. Ana buƙatar hoton OCT, wanda ke nuna shimfiɗun tantanin bayan ido, da gwajin faɗin gani, waɗanda sai a manyan asibitocin ido na birni. Kuma mai lufus kada ya ajiye maganin da kansa, ya koma wa likitan da ya rubuta masa su gyara adadin tare.