Waiwaye: Yadda katun ya zama kallon manya a Saudiyya

Bahaushen da ya tashi a Jidda ko Makka a shekarun 1980 da 1990 bai san ƙofar gidan sinima ba. Tun farkon shekarun 1980 aka rufe su, aka bar yara da talabijin da kaset. Abin da talabijin ke kawowa bayan la'asar kuwa katun ne na Japan da aka juya zuwa Larabci: Grendizer, Adnan wa Lina, Kyaftin Majid. Larabcin ma irin na littafi ne, har yaran unguwannin Hindawiyya da Shari' Mansur, masu Hausa a gida da Larabcin Hijaz a waje, suka riƙa tsintar na makaranta daga bakin jaruman zane. Da tashar Spacetoon ta zo a 2000, abin ya zama na wuni guda.

Yaran nan su ne yau masu furfura a gemu, kuma su ke da kuɗin tikiti. Shi ya sa a Riyad aka kafa gunkin Grendizer mai tsawon sama da mita 33 a 2022. Ba don 'yan firamare aka yi shi ba.

A Disamban 2017 aka ɗage haramcin sinima. A Janairun 2018 aka haska fim na farko a wani zaure a Jidda, kuma katun ne, na alamomin emoji, wanda masu sharhi a Amurka suka riga suka yi wa kaca-kaca. Mai jin yunwa dai ba ya zaɓen tuwo. Gidan sinima na sosai sai a Afrilu ya buɗe a Riyad.

Amma katun na manya 'yan ƙasa sun fara shi tun kafin nan, a YouTube. A 2011 Malik Nejer da abokan aikinsa suka fito da Masameer, zane mai ba'a ga ɗabi'un mutanen ƙasar, irin maganar da a da sai a majalisa ake yin ta ƙasa-ƙasa. Ya shiga sinima a 2020, sabon jerinsa kuma ya fito a Netflix a 2021. A shekarar ce kuma kamfanin Manga Productions, tare da Toei na Japan, ya fitar da Ar-Rihla kan rundunar Abraha da giwayenta, labarin da duk wanda ya riƙe allo ya sani. Zanen ya burge ni, labarin ne ke jan ƙafa.

A waje ma kasuwar ta juya. Fim ɗin Hayao Miyazaki kan yaron da ya rasa uwa a lokacin yaƙi ya ci Oscar a 2024, na Latbiya wanda babu magana ko ɗaya a cikinsa ya ci a 2025, Ne Zha 2 na Sin kuma ya tara sama da dala biliyan 2.

Masu zuwa da samari da magidanta ke zance a kai su ne kashi biyu da suka rage na Demon Slayer: Infinity Castle, wanda na farkonsa ya fito a 2025 cike da sara da jini, sai Shrek na biyar da cikon Spider-Verse, waɗannan biyun an sa musu 2027. Shrek na farko tun 2001 ne, masu kallonsa na lokacin yanzu da 'ya'yansu za su je.

Sai dai ranar da aka sa a Amurka ba alƙawari ba ce a Jidda. Hukumar tace finafinai ta hana Lightyear a 2022, Spider-Verse na 2023 ma bai shiga sinimomin ƙasar ba. Wanda ya tsallake kuma akan liƙa masa shekaru, R15 ko R18, don haka uban da ya kwaso yara da sunan ai katun ne yana iya juyowa da su daga bakin ƙofa.